Jan Tauraro a Idon Mai Fenti

Satumba

Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Auta da duk mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Ni lafiyata ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni, ita ma ta wuce.

Na buga wayarka har na gaji. Auta ta ce tun da masu gaisuwa suka watse ka kashe ta, ka jefa cikin akwatin kayan fenti, wai kunnenka ya ƙoshi da ta'aziyya. To ga takarda, ita ba ta da maɓallin kashewa.

Kada ka yi wa Auta faɗa, ni na matsa mata ta faɗa mini gaskiya. Ta ce shago a rufe yake, tsani yana jingine a tsakar gida rana tana dukansa, kai kuma daga ɗakin Inna sai banɗaki. Kawu, abin nan ya tsaya mini a rai. Kai ka riƙe ni tun da Mama ta rasu, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ka zauna wuri guda ba, abinci ma a tsaye kake ci. Ina jin tsoron kada zaman nan ya cinye ka.

Shi ya sa na zo maka da aiki. Ka san karatun taurari ya kawo ni nan, kuma duk bincikena a kan tauraro guda ne, wani tsoho, ja. Haskensa ba ya tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci ya ƙaru, wani lokaci ya ragu. Muna da na'urori, amma akwai wata ƙungiya da ke tara rahoton mutanen da ke duban irinsa da idonsu kawai, daga ko'ina, kuma mu ma muna amfani da abin da suka tara. Ni inda nake fitilun gari sun cinye sama. Ku kuwa bayan gidanku fili ne, duhu kyauta.

Ga yadda za ka yi. Da asuba, kafin gari ya yi haske, ka fita filin nan ka ɗaga kai. Za ka ga taurari uku a jere kamar maɓallan riga. A gefe guda akwai wani babba ja, a ɗaya gefen wani babba fari mai ɗan shuɗi. Ka dubi wannan, ka dubi wancan, ka rubuto mini wanda ya fi haske, da kaɗan ne ko da yawa. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, so nake ka fito ka sha iska. Amma aikin ma na gaske ne, kuma ban san wani ido da ya kai naka ba. Kai ne fa mutumin da ke tsayawa gaban gwangwani biyu na farin fenti ya ce wannan ba wannan ba ne.

Ka gaida Auta da Baba Kafinta.

'Yarka,
Burushi

Oktoba

Burushi,

Na sami takardarki. Muna lafiya, haƙuri kuma mun gode Allah. Gwiwa ce dai take ta surutunta da safe. Murar nan ki riƙa rufe kai, tun kina ƙarama ta kanki take shiga, da wannan gashi naki da ke tsaye cirko-cirko har ya ja miki suna.

Wato ke da Auta kun haɗa baki kun mai da ni maigadi. Maigadin ma na sama, inda ba wanda ya taɓa sata. Da na gama karantawa na ninke takardar na tura ƙarƙashin filo, na ce yarinyar nan boko ya yi mata yawa. Ta kwana biyu a can.

Ran nan bayan asuba barci ya ƙi komawa, na ce bari in leƙa, ko don in sami abin ƙaryata ki. Na ga maɓallan naki. Na ga mutanen biyu. Ja ɗin na sa masa suna Dattijo, farin kuma Ɗan Gayu, don sai wani ƙyalƙyali yake kamar wanda ya sa sabuwar riga yana jiran a yaba. Amma ki gyara bakinki, Dattijo ba ja ba ne. Ja ne da aka ɗiga wa rawaya, irin kalar tsatsar ƙofa. Da kin yi mini aiki a shago kin kira wannan ja, da kin wanke burusai har yamma.

Rahoto: kusan kunnen doki suke, amma Dattijo ya ɗan fi da kaɗan. Na sake fita na sake dubawa, haka ne.

Akwai abin da ba ki lissafa ba a dabarar taki. Da na dawo cikin gida ranar farko, tun daga bakin ƙofa na buɗe baki na ce, "Ke, kin san kuwa..." Sai na ji maganar ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Shekara da shekaru tun da na auri Innarki, duk abin da na gani a waje ita nake kawo wa, ko kuskuren rubutun allon wani shago ne. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Washegari kuma na sake fita, ban san dalili ba.

Yanzu ki ba ni amsa. Me ya sa shi yake da wannan kala, wancan kuma fari? Kuma wa ya ce miki tsoho ne, haƙoransa kika duba?

Kawunki

Nuwamba

Kawuna,

Takardarka ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin ofis, na yi dariya na yi hawaye har Farfesanmu ya tambaya ko lafiya. Lafiya lau nake. Gwiwar ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kafin ka fita. Na tura rahotonka ga ƙungiya. Abu ɗaya kawai, kada ka zura wa Dattijo ido da yawa. Jan tauraro in an daɗe ana kallonsa sai ya riƙa ƙara haske a ido, masu farawa duk suna faɗawa wannan ramin. Dubawa ɗaya ka kau da kai.

Amsarka za ta ɓata maka rai: ja ɗin shi ne mai sanyi, farin mai shuɗi shi ne mai zafi. Na san a shago ja ne kalar wuta. Amma ka tuna ƙarfe a wurin mai walda, yana farawa da ja, in wuta ta ƙara cinsa ya koma fari.

Haƙora kuwa, kusan haka ne. Tauraro haifarsa ake yi. Ƙura da iskar gas ne ke taruwa a sararin sama, su dunƙule, su matsu, har cikinsu ya kama da wuta. Daga nan ya yi ta ƙona abin da ke cikinsa, tsawon rayuwarsa. Ranar da makamashin da ke tsakiyarsa ya ƙare, sai ya shiga kumbura, fatarsa ta yi nisa da wutar, ta huce, ta yi ja. Irin wannan muke kira ƙato. Ita ma ranarmu tauraro ce, kuma wata rana za ta zama ƙatuwa, ta zubar da fatarta a hankali, a bar ɗan tsakiyarta yana hucewa. Da sauran lokaci mai tsawon gaske, ba sai ka tada Auta ba.

Dattijo shi ya wuce ƙato, ƙaton ƙatti ne. Da za a ajiye shi inda rana take, da ya haɗiye duniyarmu bai san ya yi ba. Abin mamaki, a shekaru yaro ne in aka gwada shi da rana. Manyan taurari almubazzarai ne, suna ƙona dukiyarsu da hannu biyu, su tsufa da wuri. Shi ma Ɗan Gayun naka ƙaton ƙatti ne, yana can yana rawar kai, hanyar guda ce.

Irinsu ba sa mutuwa shiru. Dattijo zai ci gaba da ƙona toka bayan toka har tsakiyarsa ta zama ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya ƙonuwa. Sai ya rufta cikin kansa ya fashe. In hakan ta faru, ko da rana tsaka za a gan shi. Yaushe? Ba wanda ya sani, yana iya zama a zamaninmu, yana iya ɗaukar dubban dubban shekaru. Abin da ya watsar kuma ba ya ɓata, da shi ake gina wasu taurarin da wasu duniyoyin. Ƙarfen da ke cikin jinina da naka a cikin tsofaffin taurari aka dafa shi. Wannan ne ya sa na kasa barin karatun nan, duk da kewar gida da ke damuna.

Nan gaba kaɗan ba sai ka yi sammako ba, da dare ya fara za ka gan su sun taso daga gabas.

In ka shigo gida da labari a bakinka, Kawu, ka kawo mini. Ban kai Inna iya sauraro ba, amma ina nan.

'Yarka,
Burushi

Janairu

Burushi,

Lafiya muke, ina fata ke ma haka. Ba zan ja gaisuwa ba yau, maganar babba ce.

Ki gaya wa Farfesanku ya gyara zama. Dattijo ya tashi! Tun ƙarshen watan jiya nake lura, ban so in yi gaggawa ba. Yanzu ya ninka Ɗan Gayu, ba ma a haɗa su. Shi Ɗan Gayun ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki, shuɗin nan duk ya fita. Dattijo kuwa har wani rawani na haske ya yi kewaye da kansa. Na bi umarninki, dubawa ɗaya nake yi in kau da kai. Ashe abin da kika ce zai ɗauki dubban shekaru a kanmu zai faɗo.

Kafinta ya fara fitowa da kujerarsa yana taya ni zama bayan magariba. Shi wai bai ga wani canji ba, wai farin ne ma ya fi. Na ce masa, "Kai da ka shekara kana shafa wa katako mai, yaushe ka san fari da toka?" Ya ce in haka ne shi ya yi shiru. Shirun nasa bai kai minti ɗaya ba.

Na buɗe shago ran Asabar, shara kawai na yi. Wasu gwangwanayen sun bushe, na fitar da su.

Zan faɗa miki abin da ke fitar da ni kullum, ko da gajimare. Ranar da Innarki ta cika ba na kusa. Muna asibiti suka aike ni kantin magani da takarda, ina kan layi, na dawo na tarar an ja mata zane. Ba laifin kowa ba ne, na sani. Amma shi wannan tsohon, in tafiyarsa ta zo, ba na so ya tafi ba kowa a kansa. Ki yi dariya in kina so.

Ki tura rahoton da wuri kada wani ya riga mu. Ki rubuta mai fenti ne ya fara gani.

Kawunki

Janairu

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na yi murna da jin ka buɗe shago, har na kasa zama.

Wannan takardar na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Bari in faɗa kai tsaye. Rahotonka na wannan karon ban tura wa ƙungiya ba. Da takardarka ta zo na ruga ɗakin na'ura, na duba awonmu, na duba na sauran masu dubawa. Dattijo bai canja ba sai ɗan abin da ya saba. Ɗan Gayu ne ya fi shi haske, kamar yadda Baba Kafinta ya ce.

Na kai maganar wurin wata likitar ido da muke zaune gida ɗaya. Ban gama ba ta ce yanar ido ce. Ta ce yanar ido in ta tsufa rawaya take yi, kamar tsohon gilashin fitila, sai ta riƙa shanye shuɗin haske ta bar ja ya wuce. Shi ya sa Ɗan Gayu ya koɗe a idonka, Dattijo ya tashi. Rawanin da ka gani shi ma daga ita ne. Na ɗauko takardunka na jera, rubutunka yana ta ƙara girma, layukan suna gangarawa, kai da kake rubuta allon shago ba tare da ka ja layi ba.

Ana cire ta, Kawu. Aiki ne ƙarami. Don Allah ka bari Auta ta kai ka a duba.

'Yarka,
Burushi

Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ce Auta. Na san kina ta jiran amsa, shi ya sa na rubuto, don a waya ba na iya magana yana ji.

Takardarki ni na karanta masa, ya ce ƙananan rubutu suna ba shi ciwon kai. Ashe ya daɗe yana kai takardunki bakin taga yana fama da su shi kaɗai. Da na zo wurin da kika ce ba ki tura rahoton ba, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ya isa." Na ce da saura, ya ce ya ji, na dai karanta masa sauran yana kallon ƙasa.

Tun ranar bai fita ba. Kujerarsa tana can fili raɓa tana dukanta. Baba Kafinta ya zo ya yi sallama har ya gaji. Shago ya koma rufe. Maganar asibiti kuwa da na ɗauko ta ya ɗaga mini hannu.

Jiya na matsa masa, ya rubuta abin da na haɗo miki da wannan. Ban karanta ba. Yaya, kada ki yi fushi da duk abin da ya ce, ya rame.

Ƙanwarki,
Auta

Burushi,

Muna lafiya.

Kin tuna kina ƙarama, in na tafi da ke wurin aiki kina damuna, sai in ba ki tsohon burushi da bokitin ruwa, in nuna miki bango in ce ki yi mini fenti? Ki yi ta shafawa kina gumi, rana tana busarwa, ni ina cewa sannu da aiki. Ban san kin riƙe abin ba. Kin rama, kin kyauta. Da ma tun farko bokitin ruwa kika ba ni, ni kuma na ɗauka aiki nake, har ina cika baki gaban Kafinta.

Ido kuma nawa ne. Da shi na ciyar da ku. Asibiti na kai Innarki da hannuna, suka ce aiki ne ƙarami, na dawo gida da takalmanta a leda. Ba wanda zai sa mini wuƙa a ido.

Ki nemi wani maigadin.

Kawunki

Maris

Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau. Ba ni da lafiya sosai, tun da na karanta takardarka abinci ba ya shiga.

Na tuna bokitin ruwan. Abin da ba ka sani ba shi ne na san ruwa ne. Yaro ba wawa ba ne, ina gani yana bushewa. Ina shafawa ne don ina kusa da kai, kana saman tsani kana fito, kana leƙowa kana cewa sannu da aiki. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni ba, kuma ban riƙe komai da zan rama ba.

Ni ba ruwa na ba ka ba. Rahotanninka na farko na tura su, suna can tare da na sauran mutane. Na ƙarshen ne na riƙe, don ba daidai yake ba, kuma kai ka koya mini ba a miƙa wa mai gida bangon da aka san da tabo. Laifina shi ne yadda na faɗa. Ka buɗe mini cikinka a kan ranar da Inna ta cika, ni kuma na amsa maka da awo da na'ura kamar ina gaban Farfesa. Tsoro ne ya sa na yi haka. Ka yafe mini.

Ban yi dariya ba, Kawu. Na karanta wurin nan na rufe ofis na yi kuka. Amma ka duba, in da gaske kake ba ka so tsohon nan ya tafi ba kowa a kansa, da wane ido za ka tsaya masa? Likitar ta ce in aka bar yanar, gaba za ta yi ta yi. Yau Ɗan Gayu ne ya koɗe, gobe maɓallan ne za su ɓace, daga nan sai fuskar Auta.

Ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba, ni ma tun rasuwar Inna ba na son warin asibiti. Abin da na sani zan faɗa. Ba a sa mutum barci, zafin idon kawai ake kashewa, kana jin maganar kowa. Ido ɗaya ake fara yi. Ranar kake komawa gida da ƙafarka, cikin takalmanka.

Nan da ƙarshen watan gobe su Dattijo za su gangara yamma su shige hasken rana, ba za a sake ganinsu ba sai bayan watanni. Ba rahoto nake nema ba, ka bar shi in ka ga dama. So nake ka ga Ɗan Gayu yadda Allah Ya yi shi, ko sau ɗaya, kafin su tafi. Kuma ba ni da wani maigadin. Ba ni da wani Kawun ma.

'Yarka,
Burushi

Afrilu

Burushi,

Gaisuwa mai yawa. Ki ci abinci, ban aike ki ki rame ba. Muna lafiya, ni da Auta da gwiwa. Ki dubi rubutun nan da kyau, ba layi na ja ba.

An yi. Na hana Auta faɗa miki don in na gudu daga bakin ƙofar kada a ji kunya biyu. Saura kaɗan kuwa in gudu, Kafinta ne ya zauna ta bakin hanya ya miƙe ƙafa. Likitar da ta yi mini aikin yarinya ce ƙarama, ina kwance tana aiki tana tambayata wace kala ta dace da ɗakin girki. Kafin in gama yi mata bayani ta ce mun gama. Na tashi na nemi takalmana, suna nan inda na cire su, na sa da kaina.

Da aka cire bandeji na ɗauka sun canja fitilun asibitin ne. Ashe haka duniya take, ni ina zaune cikin ruwan shayi ban sani ba. In na rufe sabon idon na buɗe tsohon, komai ya koma rawaya. Na yi ta yi a mota, wannan, wancan, har Auta ta ce mutane suna kallo.

Da likita ta ba ni izini na fita bayan magariba. Suna can ƙasa-ƙasa wajen yamma. Rahoto: Ɗan Gayu ya fi, da kaɗan. Shuɗinsa kuwa, Burushi, ban taɓa haɗa irinsa a bokiti ba. Dattijo yana nan lafiyarsa lau, ba inda za shi. Na ba Kafinta haƙuri, ya ce in maimaita da ƙarfi bai ji ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ba ki zo gida ba lokacin da Innarki ta kwanta, ba ki ga ɗakin ba. Da na ga kwanciyar ta yi tsawo, ba abin da take kallo sai bango, na ce zan yi mata sabon fenti, fari mai sanyi, irin wanda ake ɗiga wa shuɗi ɗan kaɗan don ya huta da ido. Na mai da ita falo, na haɗa da kaina. Ina ɗigawa ina ganin farin da datti, in ƙara, in ga da saura, in ƙara. Da na gama na dawo da ita na ce, "To, ya kika gani?" Ta dubi bangon ta daɗe, ta ce, "Duk aikin da ka yi a duniya ba wanda ya kai wannan." Na yi ta jin daɗi, duk wanda ya zo dubiya sai na nuna masa.

Ranar da na dawo daga cire bandeji na tura ƙofar ɗakin, na tsaya. Shuɗi ne, Burushi. Shuɗi shar, irin na bokitin roba. Wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi haske, sawun burushi ko'ina, har kan makunnin fitila na shafa. Da yaron shago ne ya yi mini wannan aikin, ranar zai koma gidan ubansa. A cikinsa ta kwana ta tashi har ranar da na kai ta asibiti, ni kuma na zauna a cikinsa duk watannin nan ina cewa fari ne.

Na kira Auta na nuna mata bangon. Ta fashe da kuka. Ta ce tun ranar farko suka gani, ita ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta daka mata harara. Da na fita wanke hannu ta ce mata, "Babanku idonsa ya fara tafiya. Duk wanda ya faɗa masa yanzu ban yafe ba. Ku bari in warke, ni zan kai shi asibiti da kaina, ni na san yadda ake lallaɓa shi." Har masu dubiya sai da ta riƙa yi wa kashedi tun daga tsakar gida ta bakin Auta. Shi ma Kafinta ya sani, munafukin, ya tsaya gaban bangon nan ya ce mini ma sha Allah.

Na zauna a bakin gadon har rana ta faɗi. Na yi kuka, na kuma yi dariya, don ina ganin fuskarta lokacin da take wannan ƙaryar, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ina kewarta, Burushi, fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ban ƙara jin ɗakin yana danne ni ba.

Shago yana buɗe. Likitar ta ce in na warke sosai in zo in duba mata ɗakin girkin, na ce sai in ta yarda Auta ta duba bokitin kafin in shafa. In kin sami hutu ki zo ki ga ɗakin nan, kada ki ce komai, ki dai gani.

Kafinta ya ce zai kama mini mu gyara bangon, yini ɗaya ya ishe mu. Na ce masa ya bar tsani inda yake. Wata mai zuwa za a yi mini ɗaya idon, ni na nemi a sa ranar. So nake in ga ɓarnar nan da idanuna duka biyun.

Kawunki,
Mai Fenti